A DAINA ƁUYA BAYAN AL'ADA: TSOHON MAKIYAYI YANA BIN ƘASAR NAN BASHI



Kowace shekara, ran 1 ga watan Oktoba, ana bikin ranar tsofaffi ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaida tun 1990. Na taɓa halartar irin wannan biki a wani babban gari na ƙasarmu Nijar. An kafa rumfa, an jera kujeru, an zaunar da tsofaffi kamar talatin. Kowane aka miƙa mashi bargo da sabulu da ƴar shinkafa, mai hoto yana ta ɗauka. Sannan wani babban ma'aikaci ya miƙe ya yi jawabi. A taƙaice cewa ya yi, mu nan Allah ya rufa mana asiri, ba mu zubar da iyayenmu kamar yadda Turawa ke yi, dangi ke riƙe da tsoho tun kaka da kakanni, saboda haka gomnati ba ta da wani babban aiki a wannan fanni sai dai ta yaba wa al'ada. Jama'a suka yi tafi. Ni kuwa na bi fuskokin tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya, ban ga mutumin daji ko guda ba.

Sati bai zagayo ba na je cin wata kasuwar bisashe a arewacin Dakoro. Can na gamu da wani dattijo da na sani tun ina yaro. A zamaninshi, in garkenshi ya sauka rijiya da hantsi, sai azahar ake gama shayarwa, kuma ba a iya ƙidaya mutanen da suka tashi da saniyar da ya ba su aro. Ranar nan wata jikanya ce ƴar shekara bakwai ko takwas ke jan shi da sanda, don yana ta rufe mashi ido duka biyu. Ba ya bara, kunya ba za ta bar shi ba. Yana dai zagaya dillalai yana gaisuwa. Wanda ya gane sai ya damƙa mashi dala ashirin cikin la'ada, wanda bai gane ba ya amsa gaisuwa ya wuce. Na tambaye shi ƴaƴanshi. Ya ce babban yana gadi a Legas, mai bi mashi yana kiwon shanun wani Alhajin birni, autan kuwa shekara uku ke nan babu labari.

To, ina wannan dattijo cikin jawabin babban ma'aikaci? Wane dangi ne zai riƙe shi, kuma da me?

FANSHON MAKIYAYI GARKENSHI NE

Bari mu tuna wa mutanen ofis abin da kowane yaro na ruga ya sani. Makiyayi ba ya tara dukiya ya zauna kanta har ya mutu. Tun yana da ƙarfi yake raba ta. Ran suna ya nuna wa jariri maraƙarshi. Ran aure ya fitar wa ɗa da rabonshi, uwargida kuma tana da shanun sadakinta. Ga na habbanaye, waɗanda ya ba ɗan'uwan da ya rasa, su haihu a hannunshi kafin a maido uwar. Kafin gemu ya gama fari, garke ya zama na ƴaƴa, tsoho ba shi da komi sai sanda da buta da girma. Bai yi asara ba, ajiya ya yi. Ƴaƴan da ya ba shanu su za su shayar da shi nono, su ɗora shi bisa jaki ko raƙumi ran tashi, su sayar da ɗan bijimi in ya kwanta ciwo. Tsohuwa ita ma tana da ƙwaryarta, tana da shanun da ake tatsar mata, ta sayar da nono da mai ta sayi hatsi da gishiri.

Wannan shi ne al'adar da ake yabo a rumfa, kuma gaskiya ce ta riƙe mu shekaru aru-aru. Amma ƙafarta ɗaya ce: garke. In garke ya faɗi, ta faɗi.

Garke kuwa an ga yadda ya yi. Farin 1973 zuwa 1974 ya karya shi. Kafin ya gama miƙewa sai ga na 1984, shekarar El Buhari, lokacin da aka sayar da saniya kuɗin da bai kai na buhun hatsi ba, aka yanka wasu aka shanya nama. Da yawan bisashen da suka tsira a wannan shekara sun ƙare a hannun ƴan kasuwa da ma'aikata, masu su na asali suka koma yi musu kiwon haya. An sake shan wuya a 2005. A 2010 rani ya rame bisashe, ruwan farkon damana mai ƙarfi ya zo ya ƙarasa waɗanda suka rage. Mutanen Gadabeji da Bermo ba su manta ba. Gonaki sun tsallake iyakar noma da dokar 1961 ta shata, sun cinye burtali da bakin tabki. Ƙasar Benin ta rufe wa masu zuwa cin rani da bisashe daga waje ƙofa a ƙarshen 2019. A Tilaberi, arewacin Tawa, Diffa da kudancin Maraɗi, ƴan bindiga kan kore garke cikin dare ɗaya, abin da mutum ya yi shekara 40 yana tarawa.

Wanda yake saurayi ɗan shekara 25 a 1984, yau ya haura 65. Su ne tsofaffinmu na yanzu. Tsufa ta iske da yawansu ba su da abin da za su raba wa ƴaƴa. Ɗan da ba a ba saniya ba, da me zai shayar da ubanshi? Mai kiwon haya ba shi da ikon sayar da ko akuya cikin garken da yake bi. In tafiya ta yi nisa, tsoho ba ya iya bi, sai a bar shi bakin rijiya ko gefen wani ƙauye da awaki biyu da ƙananan jikoki, har sai damana ta faɗi.

Saboda haka duk mai cewa al'ada ta wadatar, ko dai bai san daji ba, ko kuma ya sani yana neman inda zai laɓe. Kuma abin lura, shi mai wannan jawabi bai dogara da al'ada ba. Yana da asusun fansho da ake zuba mashi kowane wata, ran da ya aje aiki kuɗinshi na jiran shi. Ya yarda ƙasa ta riƙe tsufanshi, namu tsofaffin ne ya bar wa al'ada.

“AI MAKIYAYI MAI DUKIYA NE”

Wannan ita ce magana ta biyu da ake rufe mana baki da ita. Mutum ya ga shanu 100 sun tare hanya, sai ya ce ga mai kuɗi. Bai tambaya ba ko na mutum nawa ne, bai tambaya ba ko mai sandan yana da ko ƙafa ɗaya a ciki. Ku dillalai kun fi kowa sanin sunayen masu shanun da ke shigowa kasuwa yau, kun san nawa ne cikinsu ke kwana a daji.

Ko da an ce dukiya ce, to wa ya ci moriyarta? Shekaru da yawa bisashe ne na biyu bayan uraniyum cikin abin da Nijar ke fitarwa waje. Tsofaffin nan sun biya jangali a zamaninshi. Har gobe ba a sayar da saniya a Abalak, Tanut, Cintabaradan ko Gidan Iddar ba a yanki tikiti ba. Ana biya wurin shiga, ana biya wurin shaidar ciniki, ana biya wurin lodi, ana biya bakin iyaka kafin a kai Jibiya, Illela ko Maigatari. Akwai ƙananan hukumomin da in ka cire kuɗin kasuwar bisashe daga asusunsu, ko albashi ba za su iya biya ba. Mutumin da ya yi shekara 50 ana karɓa daga hannunshi, in ya ce a duba mashi ido ran da ya makance, ba sadaka ya roƙa ba. Bashi ne yake bi.

ABIN DA KE BISA TAKARDA

Ba mu ne muka ƙago wannan haƙƙi ba. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, a aya ta 25, ya ɗora wa ƙasa kula da tsofaffi. An jingine wannan tsarin mulki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, amma shekara goma sha biyu da ya yi yana aiki, me tsohon daji ya gani? A 2018 an yi doka kan kariyar jama'a. A 2016 shugabannin Tarayyar Afirka sun amince da yarjejeniya ta musamman kan haƙƙin tsofaffi a Adis Ababa. Takarda dai ba mu rasa ta ba. Mu makiyaya mun san irin wannan: muna da dokar karkara ta 1993, muna da dokar kiwo ta 2010, duk da haka ana nome burtali.

A faɗi gaskiya, an yi wasu abubuwa. Tun 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 za a yi musu magani kyauta. A 2024 gomnati ta rage kuɗin ayyuka da yawa da rabi a gidajen likita na ƙasa. Mun yaba. Amma rabin kuɗi ga wanda ba shi da ko dala, me ya rage mashi? Kuma kuɗin likita shi ne ƙaramin abu. Ma'aikatar lafiya na ƙidaya mutum cikin masu samun kulawa in yana zaune ƙasa da kilomita 5 daga gidan likita. A yankin kiwo akwai rijiyoyin da sai an yi yini bisa raƙumi kafin a ga ɗakin shan magani, asibitin da ake aikin ido ko na riƙewar fitsari kuwa sai babban gari. Kuɗin mota, na mai jinya, na abinci, na wanda zai tsare bisashe a baya, su ke hana tsoho tashi. Yanar ido aiki ne na ƙasa da awa ɗaya, mutum ya koma yana gani. Amma don rashin wannan awa ɗaya dattijo zai yi shekara goma cikin duhu, a kuma hana wata yarinya zuwa lakkol don ta ja mashi sanda.

An kuma yi shirin tallafi da ake ba matalautan gidaje jikka goma kowane wata. Ta yaya ake zaɓen gidajen? Ana zuwa ƙauye a tara mutane a rubuta suna. Wanda ke bayan bisashe ranar, ba ya cikin takarda. Wanda ba shi da katin shaida, ba ya cikin takarda. Tsofaffinmu nawa ke da takardar haihuwa? Mai sa'a cikinsu shi ne wanda aka rubuta mashi an haife shi “wajejen” shekara kaza.

“BABU KUƊI, KUMA BA SU ZAMA WURI ƊAYA”

Magana ta uku ke nan. Mu fara da kuɗi. Ƙasarmu ƙasar yara ce, kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. Waɗanda suka kai 60 ba su cika 5 cikin 100 ba. In ƙasa ta kasa riƙe mutum biyar cikin ɗari, waɗanda suka haifi sauran, to a daina yi mana jawabin girmama na gaba.

Wasu ƙasashen Afirka sun gwada. Senegal tun 2006 ta ce wanda ya kai 60 a duba shi kyauta a asibitin gomnati. Gana ta yafe wa masu shekara 70 kuɗin shiga asusun lafiya na ƙasa. Lesoto, ƴar ƙaramar ƙasa mai duwatsu da makiyayan tumaki, tana biyan duk mai shekara 70 kuɗin tsufa tun 2004. Kenya ta soma nata a 2018. Wanda ya fi kama da namu shi ne na Uganda. Da suka fara biyan tsofaffi kowane wata, sun sa shekara 65, amma a Karamoja, yankin makiyaya, suka sauko da ita 60, don sun san wahalar daji na tsufar da mutum da wuri. Ba mu ce komi na tafiya daidai a waɗannan ƙasashe ba. A Senegal asibitoci sun sha kukan gomnati ba ta biya su kuɗin da suka kashe ba, mu ma nan mun ga haka da maganin yara, har aka riƙa iske kantin magani wayam. Darasin shi ne, kyautar da ba a ware mata kuɗi ba yaudara ce. A ware kuɗin tukuna, sannan a yi shela.

Batun yawo kuwa, abin dariya ne. Ran karɓar haraji ba a taɓa rasa mu ba. Ran allurar shanu ana iske mu. Ran zaɓe motoci kan shiga har inda jaki ke wuyar shiga. Sai ran duba tsoho ne muke ɓacewa? Makiyayi ba iska ba ne, yana da rijiyar da yake komawa kowane rani, yana da kasuwar da yake ci, yana da inda yake taruwa da damana. Kowa ya san Ingal cikin watan Satumba. Maƙwabtanmu na Cadi sun nuna hanya tun shekarar 2000 a Shari Bagirmi da Kanem: likitan bisashe da na mutane suka shiga mota ɗaya, wannan na yi wa shanu allura, wancan na yi wa yara da mata. Kuɗin mai ɗaya, tafiya ɗaya. Me zai hana motar ta ɗauki abin awon hawan jini da mai duba ido?

Kada a juya mana magana. Ba mu nemi a gina gidan tara tsofaffi ba. Mutumin da ya yi rayuwarshi yana kwana yana jin numfashin shanu, in ka kulle shi cikin katanga ka kashe shi. A taimake shi inda yake, cikin nashi.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, kowace fita ta allurar bisashe a haɗa ta da ma'aikacin lafiya wanda zai auna tsofaffi hawan jini da ciwon suga, ya duba ido, ya rubuta masu bukatar aiki.

Na biyu, a riƙa kawo masu aikin yanar ido manyan kasuwannin bisashe da wuraren taron damana, ko sau ɗaya ne a shekara, a kuma sanar tun da wuri ta rediyo da Fulatanci da Tamajak da Tubanci da Larabci da Hausa.

Na uku, alƙalai su fito daji su yi wa tsofaffi takardun haihuwa da katin shaida kyauta, shaidar ardo ko hakimi ta wadatar wajen ƙiyasta shekaru.

Na huɗu, duk wanda ya kai 60 a duba shi kyauta a gidan likita na gomnati, da kuɗin da aka rubuta cikin kasafin shekara, a kuma karɓe shi ko'ina ciwo ya kama shi, ko da ba nan aka rubuta shi ba.

Na biyar, a fara biyan kuɗin tsufa ko kaɗan ne, mace da namiji, a biya ran kasuwa ko ta wayar salula. Kada a ce sai mai gida a ƙauye.

Na shida, ƙananan hukumomi su fito da lissafin abin da suke samu a kasuwannin bisashe, su ware kaso sananne don tsofaffin makiyaya, da wakilanmu cikin masu sa ido.

MU MA DA NAMU LAIFI

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙungiyoyinmu sun yi shekaru suna faɗa kan burtali da rijiya da dusa da gurya, kuma faɗa ne mai kyau. Amma ku duba takardun koke da muka kai wa hukuma, sau nawa aka ambaci tsoho? Muna kiran su su buɗe taro da addu'a, mu tambaye su inda tsohuwar iyakar makiyaya ta bi in gardama ta tashi, in an watse mu bar su su nemi motar komawa.

Ku fatake da dillalai, ga lissafi mai sauƙi. A ce kasuwa tana sayar da manyan bisashe 500 a sati. In aka cire dala 20, wato sefa 100, bisa kowane kai, an sami jikka 50. A shekara ya haura miliyan biyu da rabi. Wannan zai ba tsofaffi 40 jikka biyar-biyar kowane wata. Dala 20 ko kuɗin shayin da ake sha kafin a gama ciniki bai kai ba. A sa kuɗin hannun mutum uku da jama'a ta yarda da su, da mace cikinsu, a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata. In muka yi haka, ran da za mu shiga ofis neman haƙƙi, za mu shiga da kanmu a sama.

Ku manyan masu garke, na birni da na daji, zakkar shanu 30 ɗan maraƙi ce, ta tumaki 40 tunkiya ce. Ina take zuwa? Uban yaron da ke bin shanunku cikin rana da ƙaya ya fi kowa cancanta. Ku maido da habbanaye ga tsofaffi: akuya biyu masu nono a ƙofar bukkar tsohuwa sun fi mata buhun shinkafar da ake ɗaukar hoto da shi.

Ku kuma samari, mun san ba daɗi ya kai ku Legas da Abijan ba. Amma wanda ke da kuɗin sa kati a waya, yana da abin aika wa uwarshi.

Kowane reshe na ƙungiya ya fara da abin da ba ya cin ko dala: a rubuta sunayen tsofaffin yankinshi, da rijiyar da ake samun su, da abin da ke damun kowane. Wane ne makaho, wace ce ba ta da mai tatsar mata, wane ne ba shi da takarda. Da wannan lissafi za mu je wa hukuma, don kada a sake ce mana ba a san inda suke ba. Ran 1 ga Oktoba mai zuwa kuma, in an kafa rumfa, mu zo da tsofaffinmu mu zaunar da su a sahun gaba, mu nemi a ba ɗaya daga cikinsu magana kafin babban ma'aikaci.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kai da ke riƙe da sanda yau kana kora ɗari, dattijon kasuwar nan ya kora fiye da haka.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi sa mu gama da iyayenmu lafiya. Amin.